Hannun Mbawuese a Kafaɗar Iveren

Shekara biyu ke nan Mbawuese ba ta taka coci ba, tun ranar da kwalekwale ya kife da ɗanta Terhemba a kogi, yana dawowa daga taron mawaƙan coci. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ranar Lahadi dai sai ta ɗauki fartanya ta nufi gonar doya.

Wata safiya tana daka sakwara, Iveren, 'yar ƙanenta mai shekara sha bakwai, ta shigo ta durƙusa.

"Goggo, Bishop zai zo nan da mako uku. Za a ba mu Ƙarfafawa, wato tabbatar da bangaskiyarmu. Ke nake so ki tsaya a bayana."

Mbawuese ta ajiye taɓarya. "Matan zumunta sun ƙare ne a garin nan? Je ki nemi mai addu'a. Ni bakina ya bushe."

"Na riga na ba da sunanki."

Ranta a ɓace ta tafi gidan Aondona, katikis ɗin ƙauyen mai koyar da addini a coci, ta same shi yana gyaran keke.

"Malam, ka goge sunana. Me zan ba yarinyar nan? Abin da za a ƙarfafa mata, ni nawa ya mutu."

Aondona ya goge hannu da tsumma. "Uwar Terhemba, wa ya ce ke za ki ba ta? Alkawarin da iyayenta suka ɗaukar mata tana jaririya ranar baftisma, shi za ta ɗauka yanzu da bakinta. Ƙarfin kuwa Ruhu Mai Tsarki ke bayarwa. Naki ki dafa kafaɗarta kawai. Amma sai kin fara zuwa wurin Fada, limamin coci, kin yi ikirarin zunubi."

"In ce masa me? Ina fushi da Allah?"

"In shi ne gaskiyar, faɗa masa."

Sai ana jibi bikin ta je. Ta faɗa ɗin kuwa, ba ta rage komai ba. Fada bai tsawata mata ba, kuma bai ba ta amsar abin da ta tambaya ba. Ta fito da nauyin da ta shiga da shi.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. Da mawaƙa suka ɗaga murya, sai ta ji kamar ta juya ta fita. Layin masu zuwa gaban Bishop ya riga ya fara tafiya, dole ta bi. A gaban Bishop ta ɗora hannun dama a kafaɗar Iveren, sai ta ji yarinyar tana rawar jiki fiye da ita. Ta ƙara damƙewa.

Bishop ya shafa mai a goshin Iveren da alamar gicciye. "Karɓi hatimin baiwar Ruhu Mai Tsarki."

"Amin," in ji Iveren, da ƙarfi.

Bayan an tashi, ana ta hotuna da rabon shinkafa, Iveren ta same ta zaune a bayan coci.

"Goggo, kin ji wani abu?"

"Ban ji komai ba, 'yata."

"Za ki dawo Lahadi mai zuwa?"

Mbawuese ta daɗe tana kallon man da ke ƙyalli a goshin yarinyar.

"Ki biyo ta gidana da safe," ta ce. "Amma kada ki sa rai zan yi waƙa."