Keken Troels a Bakin Tasha

A garinmu ba a ɗauke keken mutum haka kawai, sai an bi ƙa'ida. Kowace shekara, a makon farko na Satumba, mu 'yan Sashen Hanyoyi da Lambuna na hukumar gari mukan fita mu bi duk inda ake jingine kekuna: tashar mota, gaban laburare, bakin tashar jiragen kamun kifi. Kowane keke sai mu naɗa masa salatif mai ruwan ɗorawa, mu haɗe tayar baya da ƙarfen jiki. Keken da ake hawa, da an taka feda salatif ɗin zai tsinke. Wanda muka dawo bayan mako huɗu muka tarar da nasa lafiya lau, ya tabbata ba shi da kowa, sai mu datse kwaɗonsa mu jefa shi a mota. Shekara ashirin da uku ina wannan aiki. Ban taɓa ganin hanyar tambayar abu ko akwai mai son sa a duniya da ta kai wannan ladabi ba, kuma ina jiran ranar da za a fara gwada ta a kan ma'aikata.

A bakin tashar jirage, a gurbi na uku daga hagu, akwai wani keke da ya taɓa zama shuɗi. Na Troels Thorup ne. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, wata safiya a Nuwamba, ya ɗaure shi da sarƙa, ya sa mabuɗin a aljihu, ya shiga jirgin kamun kifi shi da mutum biyu. Jirgin bai dawo ba. Teku ta maido da gawarwakin mutum biyun cikin mako guda, Troels kuwa ta riƙe shi. Shekararsa ashirin da bakwai.

Tun daga nan keken yake tsaye. Tayoyin sun sace sun tsage, sirdin ya dare, iskar gishiri ta cinye fentin. Duk Satumba mukan naɗa masa salatif kamar kowane keke, duk Oktoba mu tarar an yanke shi. Ba tsinkewa ba, yanka ne mai kyau, a tayar da ko ƙato ba zai iya juya ta ba. Kowa ya san hannun waye. Mahaifiyarsa, Edel, tana zaune a saman tsohon kantin raga, tagarta na kallon wurin, kuma ba wanda ya taɓa ganin labulen tagar a rufe. Fom ɗinmu gida biyu gare shi: ya tsinke, bai tsinke ba. Babu gidan da ke tambayar yadda aka yi ya tsinke, wannan kuma shi ne abu ɗaya da nake yaba wa wanda ya tsara fom ɗin.

A rumfar Kjeld nake cin abincin rana, mai sayar da tsiran-alade a bakin tasha, don haka kullum ina wucewa ta gaban keken. A bana mako ɗaya ya wuce salatif na nan. Mako biyu, yana nan. A mako na uku Bodil ta Sashen Kula da Tsofaffi, wadda muke shan kofi daga inji ɗaya, ta gaya mini an samar wa Edel ɗaki a gidan tsofaffi da ke can cikin ƙasa, za ta koma ranar ashirin da takwas ga Oktoba. Ƙafafunta sun daina yarda da matakala.

Sai na gane komai, ko dai na ɗauka na gane. Tsohuwa ba ta iya saukowa. Ana gobe ranar kwashe kekuna, da na gama cin abinci, na durƙusa kamar mai ɗaure igiyar takalmi, na fito da 'yar wuƙar da ke jikin makullaina na yanke salatif ɗin. Washegari na cika fom, ya tsinke. Kwana biyu ina jin ni mutumin kirki ne, abin da ban saba ba, har ya ɗan hana ni narkar da abinci.

Ranar Alhamis muke ganin jama'a, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Edel ta shigo tana tura keken nan mai taya huɗu da tsofaffi ke dogarawa da shi. Babu kowa a ɗakin jira, amma sai da ta ciri lamba ta zauna har allon ya nuna lambarta. Na ce mata ai da ta bugo waya. Ta ce minti ashirin ta yi tana sauko matakala, ba za ta ɓata su a kan maganar waya ba. Sannan ta tambaye ni wa ya yanke salatif ɗin keken ɗanta.

Na ce ofis ba ya ajiye irin wannan bayani.

"Ni ina ajiyewa," in ji ta. "Kai ne, ɗan Villy, da 'yar wuƙar makullanka. Har da waige-waige kamar mai satar kaya a igiyar shanya."

Na fara bayanin cewa na ga ba ta iya saukowa ne, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce shekara biyar ɗin farko ita ce take yankawa, da almakashin ɗinkinta. A ta shida ta sauko da almakashin, ta tsaya a gaban keken, ta koma sama ba ta yanka ba. Mako huɗu tana zaune a taga tana jiran motarmu. Saura kwana biyu sai ga Kjeld ya fito daga rumfarsa da wuƙar burodi. Shekarar da ta biyo baya mai kula da tasha ne. Wata shekara limamiyar coci ce, ita kuma da haƙori ta ciza don ba ta zo da komai ba. Akwai shekarar da mutum biyu suka zo rana ɗaya, na biyun ya tarar an riga shi, ya tafi ransa a ɓace.

"Shekara tara ina barin sa," ta ce. "Shekara tara kuna yanke mini."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa musu. Ta ce ta ce musu me? Mutane suna mata alheri, kowa a ɓoye, kowa yana ganin shi kaɗai ya sani. Ba a tare mutum a hanya a ce masa ya daina.

Na ce to ai keken nata ne yanzu, tana iya sa a ɗauke mata shi yau ɗin nan.

"Mabuɗin yana aljihunsa."

Na ce akwai masu yanke kwaɗo.

Ta ce, "An ce ka yi jami'a, ko? Idan ni na kira mai yanka, ni ce na ce ba zai dawo ba. Uwa ba ta faɗin haka. Hukuma ce take faɗa. Aikinku ke nan, shi ɗaya na taɓa nema a wurinku."

Ta ce in ta koma gidan tsofaffi ba mai kallon keken. Ba za ta iya barin sa cikin ruwan sama babu ido a kansa ba, ba kuma za ta iya barci a can tana sane yana tsaye yana jira ba. Kwana goma sha shida suka rage mata a tagar. Ta miƙe, ta ajiye mini 'yar takardar lambarta a kan tebur, ta tura kekenta ta fita.

Na je wurin shugaban sashenmu, Mogens, mutum mai son taimako matuƙar akwai sakin layin da ya yarda. Muka duba tare. Sabon salatif yana bukatar mako huɗu cif, Edel kuwa ba ta da su, kuma a garin da ke cike da masu alheri da wuƙaƙe ba salatif ɗin da zai kwana huɗu. Akwai wata hanya: mai gado ya cika fom yana neman a ɗauke kayan mamaci. A layi na biyu na fom ɗin akwai wurin rubuta ranar mutuwa, a ƙasa kuma wurin sa hannu. Mogens ya ce ya san ba daɗi, amma minti biyu ne. Na ce haka ne, minti biyu ne. Ya ce in ba haka ba sai Satumba mai zuwa, kuma ya yi mini kallon wanda ya warware matsala.

Na koma ofishina na ciro fom ɗin kekunan bakin tasha daga fayil. Lamba ta uku. Na goge alamar da ke gida na farko na mayar da ita gida na biyu, bai tsinke ba. Shekara ashirin da uku ban taɓa yi wa fom ƙarya ba. Da na yanke salatif ma gaskiya na rubuta, ya tsinke ɗin.

Ranar Litinin da ƙarfe goma muka isa tasha da a-kori-kurar sashe. Na so mu je da sassafe, amma motar ba ta fita kafin tara da rabi, wannan ma ƙa'ida ce. Goma kuwa lokacin shan kofin mutanen kasuwar kifi ne, suna tsaye su bakwai ko takwas a gaban rumfar Kjeld. Ejvind direba ya kashe mota, ya kalli inda muka tsaya, ya ɗora hannuwa a kan sitiyari ya ce shi dai tuƙi aka ɗauke shi yi.

Na sauko da ƙaton almakashin yanke ƙarfe. Kafin in kai ga keken Kjeld ya fito yana goge hannu a jikin rigar aikinsa.

"Preben, me za ka yi?"

"Aiki."

"An yanke salatif ɗin. Ga shi nan yana lilo, ko ido ma ya yi ritaya?"

"A takarda ba a yanke ba."

"To gyara takardar mana."

"Na gyara."

Ya matso kusa, ya rage murya, ya ce ko na san uwar yaron tana kallona ta taga. Na ce na sani. Wani daga cikin masu kofi ya ce mahaifina Villy ya yi shekara talatin a teku, ga kuma abin da ya bari a tudu. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya taɓa ni. A nan ba ma taɓa mutum. Mukan tsaya ne mu kalle shi har ya gama.

Sarƙar ta yi tsatsa amma ba ta yi laushi ba. Sau uku ina dannawa kafin ta datse. Tayoyin suka ƙi juyawa, dole na rungumi keken na ɗauke shi a hannu, kwandon gaban ya rabu ya faɗi, na dawo na tsince shi. Ban jefa shi ba kamar yadda muke yi wa sauran. Na kwantar da shi a bayan mota, tsatsa duk ta ɓata mini gaban riga. A ƙasa, inda ya tsaya, ya bar tabo ja guda biyu.

Sai na ɗaga kai. Edel tana tsaye a taga, ba a zaune ba, ta dafa katakon da hannu ɗaya. Ba ta ɗaga mini hannu ba, ba ta gyaɗa kai ba. Ta kalli gurbin na ɗan lokaci, sannan ta ja labule.

Duk sun gani. Kjeld ya ce, "Ka ga abin da ka yi," ya koma rumfarsa. Da na buɗe baki a lokacin, jumla biyu sun isa su wanke ni. Amma jumlolin nata ne, ita kuma shekara tara tana riƙe da su don kada ta kunyata mutanen nan. Na shiga mota. Ejvind bai yi mini magana ba har muka isa sito.

Tun ranar a teburin ofis nake cin abincin rana, baƙin burodi da cuku daga gida. Jaridar gari ta buga wasiƙu uku a kan ma'aikatan da ba su da zuciya, biyu daga cikinsu da kuskuren rubutu. Mogens ya kira ni, ya duba fom, ya ga komai daidai, ya ce abin takaici ne amma ba a karya ƙa'ida ba. Edel ta koma gidan tsofaffi ranar ashirin da takwas. Bodil ta ce an ba ta zaɓi tsakanin ɗakuna biyu, ta ɗauki wanda ke kallon gonaki.

Saura abu ɗaya. Keken da aka ɗauke ba a kai shi wurin masu narka ƙarfe nan take. Ana ajiye shi a sito mako huɗu, da lamba a wuya, ko mai shi zai zo nema. Na sa na Troels a kusa da ƙofa, inda ruwa ba ya ɗiga.

Ranar da mako huɗun suka cika, Litinin ce, saura minti goma a tashi, wayar ofis ta yi ƙara. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta kuma gaishe ni ba.

"Yau ne ranar ƙarshe, ko?"

"Yau ne."

"Akwai wanda ya zo nema?"

"Babu, Edel."

Na ji numfashinta, da ƙarar cokula a can bayanta, ana shirin abincin yamma.

"To," ta ce. "Na gode, ɗan Villy."

Ta ajiye waya. Na jira har ƙarfe huɗu ta buga, don lokacin da ƙa'ida ta ba mai keke bai ƙare ba sai an tashi aiki. Sannan na sa hannu a takardar kai keken wurin masu narka ƙarfe.