Kafaɗa Za Ta Kai Shi

"Kashe rediyon nan, Rashidatu," in ji Baba Ndatsu, yana numfashi da ƙyar. "A'a, bar shi. In ji ƙarshen rashin kunyar."

Rediyon ya maimaita: shugaban ƙasa ya rage wa tsohon Darakta ɗauri, gobe zai dawo Minna. 'Yan adawa na ta kumfar baki, 'yan jam'iyya na cewa jinƙai ne. Kowa a Barkin Sale ya san Darakta. Shi ya haɗiye aikin bututun ruwan unguwa, aka koma shan rijiyar bakin kwata, har amai da gudawa ya tafi da mutane, ciki har da uwar Rashidatu.

Tsohon ya riƙe hannun 'yarsa. "Za su zo da motarsu, na san hali. Kada ki bari a sa ni ciki. Kafaɗa ta kai ni."

Washegari da hantsi ya cika.

An idar da sallar gawa ke nan sai ga Jiya, ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓa, da motar ɗaukar gawa da suka ba unguwa lokacin zaɓe. An lulluɓe ta da hotunan Darakta har ƙofar baya, yana murmushi, kumatu kamar an hura.

Rashidatu ta leƙo daga zaure, idanu a kumbure.

"Sannu da haƙuri, ƙanwata," in ji Jiya. "Ga mota. A hanzarta don Allah, ana jiran ta wajen tarbar Darakta."

"An gode, Ciyaman. Koma da abarka."

"Haba! Maƙabarta fa da nisa, ga rana. Kuma an tare babban titi."

"Ya ce kafaɗa. Kafaɗa za ta kai shi."

Kawunnanta suka shiga kallon ƙasa, wani yana cewa gawa ba ruwanta da siyasa. Mace ba ta bin makara. In maza suka ce mota, shi ke nan ta ci amanar mahaifinta.

Sai Gaiya, kafintan da ke haya a gidan da ke jikin nasu, ya ninke tawul ya ɗora a kafaɗa.

"Ni zan fara ɗaukar shi," ya ce. "Wannan ruwa ya kashe yarona ma."

Kunya ta kama sauran. Aka cicciɓi makara.

Daga bakin zaure Rashidatu na hango inda lungunsu ya haɗu da titi. Daidai lokacin ayarin tarba ya iso, ganguna da 'yan acaɓa da ihu. Makara ta kutsa kai tsaye. Makaɗa suka sauke hannu, don ba a kiɗa a gaban gawa ko ta waye. 'Yan acaɓa suka kashe inji, wasu ma suka cire hular jam'iyya suka karɓi ɗauka. Baƙar motar Darakta ta tsaya cak cikin rana, gilashi a rufe, tana jiran tsoho ya wuce. Shi kuwa ba sauri yake ba.

Sai a lokacin kuka ya zo mata, ta kuma bar shi ya zo.

Motar gawa na nan ƙofar gida ba kowa ciki. Akuyar Gaiya ta ɗora ƙafafu a kan taya, tana cin gefen hoton Darakta a hankali.