Jirgin da Sadisu Ya Yi wa Aiki

Malam Labaran, tsohon tela a unguwar Hindawiyya ta Jidda, ya haura shekara tamanin, kuma kowa a unguwar ya san labarin kakansa Sadisu. Sadisu ya taso daga Katsina a ƙafa don aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Jidda, sai ya sami aikin zuba kwal a wani jirgin yaƙin Turkawa mai sulken ƙarfe da ke gadin gaɓar teku. A bakin Labaran, jirgin nan ya nutsar da jiragen abokan gaba har uku.

Jikarsa Lujain tana karatun tarihi a jami'a. Wata biyu ta yi tana bin sunan jirgin a tsofaffin takardu. Ran da ta gama, ta same shi bayan la'asar yana shan shayi. Hausarta ba ta nuna sosai ba, sai da ta riƙa haɗawa da Larabci.

"Ya jaddi, kakana, na samo shi. Amma ba zai yi maka daɗi ba."

"Karanto mini."

Ta karanta. An ƙera jirgin da nauyi ƙwarai, ba ya iya nisa da gaɓa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Bahar Maliya, bai taɓa harbin kowa ba. Daga baya aka kwance igwoyinsa, aka mai da shi wurin kwanan sojoji, a ƙarshe aka sayar da ƙarfensa.

Labaran ya ajiye kofi. "Ke nan duk shekarun nan ƙarya nake wa mutane?"

"La, a'a, saura shafi ɗaya."

A wata shekara, tun jirgin yana aiki, annobar kwalara ta ɓarke, aka tsare dubban alhazai a wani tsibiri, ruwan sha ya yanke. Sai aka kai jirgin can. Kwana arba'in ba a kashe wutar tukunyarsa ba, ana tafasa ruwan teku ana tace na sha, ana kai wa mutane a kwale-kwale. Masu zuba kwal tara ne, biyu suka rasu saboda zafi.



"Tafin hannun kakana duk tabon ƙuna ne," in ji tsohon. "Ina yaro na tambaye shi, ya ce wutar yaƙi ce. Sauran ni na ƙara da kaina."

"To yanzu me za ka ce wa jama'a?"

"Abin da aka rubuta. Akwai sunansa a ciki?"

Lujain ta girgiza kai. "Sun ce baƙaƙen ma'aikata tara kawai."

"To ki rubuta shi da biro a gefe. Sadisu ɗan Abubakar, Bakatsine."

Ta rubuta da Larabci, ta miƙa masa. Ya sa tabarau ya duba, ya gyara mata harafi ɗaya.