Daƙiƙa Takwas a Gaban Fitilun Auta

"Kar kowa ya motsa!" in ji Mai Fasfo, ya danna kyamara. Filasha ta haske ƙofar gidan.

Matarsa ta zo ta leƙa hoton. "To, Malam, ina fitilun?"

Babu su. Bango ne fari fat, sai fuskarta da ta surukarta, kamar an kama su da kayan sata. Shekara talatin yana ɗaukar hoton fasfo, hannunsa bai san komai ba sai filasha.

Fitilun adon kuwa Autarsu ce ta aiko daga garin da take aiki, don ba ta samu hutun ƙarshen shekara ba. Abu ɗaya ta roƙa: hoton gida da fitilun a kunne, kuma da Baba a ciki. Duk hotunan gidan shi ya ɗauka, ba ya cikin ko ɗaya. Maganar nan ta tsaya masa a rai.

Ya kashe filasha ya sake. Hannunsa ya yi rawa, fitilun suka fito kamar tsutsotsi. Ga batir ya nuna ja, ga caja a shago.

"Ko in kira maƙwabci ya ɗauke mu da waya?" in ji matar.

"Waya? A ƙofar gidana? Ina raye?"

Ya jawo teburin guga ya ɗora kyamarar, ya tokare ta da takalmi. Ya tsuke ƙofar da haske ke shiga kyamarar, ya saita idonta ya zauna a buɗe daƙiƙa takwas, ta ɗauka da kanta.

"Iya," ya ce wa mahaifiyarsa, "wanda ya motsa ba zai fito ba. Za ki iya?"

"Wata tara na ɗauke ka, daƙiƙa takwas ce za ta gagare ni?"

Ya danna, ya ruga ya shiga tsakaninsu. Amma hali zanen dutse. Ya juya dama: "Ɗaga haɓa." Ya juya hagu: "Iya, daina ƙifta ido." Ya leƙa gaba ya ga ko takalmin ya zame.

A hoton fitilun suka fito tar, kowacce da ɗan tauraronta. Matan biyu sun fito tsaf. A tsakiyarsu ga riga da wando a tsaye, a wuyan rigar kuma wani hayaƙi mai hanci uku.

Kafin batir ya mutu, matar ta yi wuf ta ɗauki hoton daga fuskar kyamarar da wayarta ta tura wa Auta. Mai Fasfo ya zauna a bakin teburin guga, kunya ta rufe shi.

Sai ga saƙon murya. Auta ta yi dariya har da tari, sannan muryarta ta karye. "Mama, don Allah kar a sake wani. Babana ke nan sak, yana hana kowa motsi."

Mai Fasfo ya goge ido da bayan hannu.

"Kuka kake, Malam?"

"Filashar ɗazu ce," in ji shi.