Sai Baƙo Ya Ci

"Ke, rage wutar nan! Miyar kuka ba ta son gaggawa."

Inna Hajjo ce ke magana daga kan tabarma, a bakin ƙofar ɗakinta. Kwana tara ke nan ba ta iya miƙewa. 'Yarta Afra'u na tsugune gaban murhu tana kaɗa miya.

Ɗakina ne ke kallon nata a gidanmu na haya a unguwar Belleville. Tun da na gama sakandare ba abin da nake yi sai zama da kallon mutane. Inna na da ɗakuna biyu a baya, inda take saukar 'yan kasuwa daga Najeriya. Kwana huɗu, mako guda, su sari kaya su wuce. Ƙa'idarta ba ta canjawa. Baƙo ya iso, zoɓo mai sanyi, farin goro biyu a faranti, sai tuwo da miyar kuka irin ta gida. Aceke, abincin rogo na garin nan, sai washegari. Kuma ba a ba shi labari, mai daɗi ko marar daɗi, sai ya ci ya wanke hannu.

Ran nan Alhaji Nomau ake jira daga Sakkwato. Shekara goma sha bakwai a wurinta yake sauka.

"Salman," Inna ta ce da ni, "kai mai fuska kamar an ƙwace maka gona. Zo."

Na je na durƙusa.

"Yau fuskar nan za ta yi rana. In ya iso ba na nan, kai za ka kai masa abinci."

"Ina za ki, Inna?"

"Unguwar Plateau, neman aikin ofis." Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta kama hannuna. "Kwana uku bawan Allah yana cikin mota. Kar ku tare shi da kuka. Ya ci tukuna."

Bayan azahar Inna ta cika. Matan gida suka shiga, aka saki labule, aka aika wa liman. Ba a fi rabin awa ba taksi ta tsaya a ƙofa.

Afra'u ta fito, ido jawur. "On va faire comment?" Wato yaya za mu yi. In ta rikice Hausa guduwa take mata, sai Faransanci. "Ko tuwon ban tuƙa ba."

"Tuƙa," na ce.

Alhaji ya shigo da jaka a kafaɗa, muryarsa ta riga shi. "Ina uwar ɗakina? Hajjo! Tsufa ya hana ki taryar mutane ke nan?"

"Tana ciki, Alhaji. Sannu da hanya."

Ba ƙarya na yi ba. Na kai shi ɗakinsa, na kawo zoɓo da goro. Ya shanye, ya nemi ƙari. Ya shiga ba ni labarin tayar da ta fashe musu kafin Lome. Ɗakuna goma sha huɗu ne a gidanmu, amma ko rediyo ba ka ji. Sau ɗaya wata ta fara shessheƙa, aka toshe da mayafi. Na yi maza na tambaye shi damina.

Afra'u ta miƙo mini tire.

Alhaji ya yi bisimilla, ya kai lomar farko. Ya tsaya. Tuwon duk gudaji ne. Ya murza ɗaya tsakanin yatsunsa. Ya dube ni. Ya dubi ƙofar Inna, inda takalman mata suka yi tsibi.

Na sunkuyar da kai, ina jiran tambayar.

Bai yi ta ba. Ya kai loma ta biyu, ya kai ta uku. Yana haɗiya da ƙyar, ina jin sautin maƙogwaronsa. Malmala biyu ce, ya cinye tas, ya suɗe kwano. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu.

"Yaushe?"

"Bayan azahar."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ɗago ya dube ni. "Je ka ce musu na ci."

Na tsallaka tsakar gida, na tsaya a bakin labule, na faɗa. Sannan ne Afra'u ta saki muryarta.

Da na waiwaya, Alhaji na zaune a dokin ƙofa ba takalmi. Hannuwansa na kan gwiwa, ruwa na ɗiga daga yatsunsa zuwa siminti.