Jinin da Ya Ƙi Zama Daidai

Danisha Pettway ta shiga wurin Dakta Broadnax da maganar da ta haddace tun a cikin bas: za ta koma gida Alabama, wannan aiki ba nata ba ne.

Ita ce ta fari a danginsu da ta taka jami'a. Shirin da ya kawo ta Memphis yana ɗaukar ɗalibai irinta ne a lokacin hutu, baƙaƙen fata da sauran waɗanda ba a cika ganin fuskarsu a ɗakunan bincike ba. Wanda ya yi abin kirki, a tsaya masa ya shiga karatun digirin digirgir. An ba ta aiki a kan ciwon sikila, mai sauƙin faɗi. A ɗiga jinin mai ciwon a gilashi, a sa masa wani ruwa mai zuƙe iska, ƙwayoyin jinin su lanƙwashe kamar lauje. A yi wa jinin mai lafiya haka, su zauna a kewaye abinsu. To, na mai lafiyar ne ya ƙi mata, kullum sai ya lanƙwashe. Ta sake ruwa, ta sake gilashi, ta wanke hannu har fata ta soma tsagewa, duk a banza. Kuma ba ta gaya wa kowa ba sai yau, don Danisha irin mutanen nan ce da gara su ɓace a gari da su tambayi hanya.

Dakta Broadnax, shugabar ɗakin binciken, dattijuwa mai furfura da ta shekara aru-aru tana leƙen jini, ta saurare ta tana ɓare gyaɗa.

"Kin gama wa'azin? To, a ina kika samo jinin mai lafiyar?"

"Na cikin firji ya ƙare, ranki ya daɗe."

"Ba wanda ya ƙare na tambaye ki ba."

Danisha ta ɓoye hannun hagu a bayanta. Tsohuwar ta zagayo, ta kamo hannun, ta dubi ɗan yatsan da ya sha allura.

"Dubi ja'irar yarinya. Kunyar roƙon kwalba ɗaya ce ta sa kike ta huda kanki? Wannan karya doka ne, za mu yi maganarsa, kuma ba za ki ji daɗi ba. Kawo gilashin na yau."

Tsohuwar ta ɗora shi a madubin likita, ta leƙa, ta matsa gefe.

"Sa idonki, kada ki ɗago."

Ga ƙwayoyin nan, jajaye, masu tsini, abin da ya hana Danisha sukuni. Dakta Broadnax ta sa bakin allura ta ɗan ɗaga murfin gilashin, iska ta shiga.

Daga gefen da iskar ta taɓa, wata ƙwaya ta saki tsininta, ta miƙe a hankali, ta cika, ta koma a kewaye. Ta kusa da ita ta bi. Abin ya yi ta tafiya cikin ɗigon, ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara, ba wanda ya umarce su. Danisha ta sha karanta wannan a littafi, har ta ci jarrabawa a kansa, amma ba ta taɓa zaton za ta tsaya tana kallon jininta yana numfashi ba. Tsoro da mamaki suka kama ta tare.

"Ba abin da kika ɓata, 'yata," in ji Dakta Broadnax. "Kin auna daidai kowane karo, ke ce dai kika ƙi yarda da idonki. Ga alama kin gaji sikilar ta ɓangare ɗaya. Ba ciwon kike da shi ba, ɗauke da shi kike. Gobe ki je asibiti su tabbatar, ni ba likitarki ba ce."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Wataƙila ba wanda ya gaya wa iyayenki su ma. Kin san me ya sa abin nan bai ɓace daga duniya ba?"

"Yana kare mai shi daga zazzaɓin cizon sauro," Danisha ta amsa a hankali.

Tana faɗa ta ji nauyin maganar. Wani yaro ke nan cikin kakannin kakanninta, can ƙetaren teku, a wani ƙauyen da ba za ta taɓa sanin sunansa ba, zazzaɓi ya kwashe sa'o'insa, shi ya tashi. Danginta ba su da sunansa, ba su da harshensa, ba su san kabarinsa ba. Amma ga abin da ya bar mata, a kan gilashi, yana motsi. Hawaye ya rufe mata ido, ta share da sauri don kada wani abu ya wuce ta.

"To, bas ɗin Alabama fa?" tsohuwar ta tambaya. "In sa a kai ki tasha?"

Danisha ba ta ɗago ba. Ta laluba da ƙafa ta jawo kujera.

"Ranki ya daɗe, akwai wata can a tsakiya da iskar ba ta kai mata ba tukuna."