Masa a Kwalin Littattafai

Duk wanda ya san Malama Bintu ya san mace ce da ba ta jure a yi mata alheri ta kasa ramawa. Tun tana yarinya a Ƙofar Dumi, in maƙwabta suka aiko da tuwo, ba a mayar musu da kwano haka nan, ko gyaɗa ce sai an zuba. Da wannan halin ta girma, shi ne kuma ya kusa kai ta ya baro.

Ita ke kula da ɗan ɗakin karatun da ƙungiyar matan Gwallaga ta buɗe, shago guda tsakanin tela da mai gyaran waya. Da aka haɗa ɗakunan karatun jihar a kundi ɗaya cikin kwamfuta, aka sa har da nata. Kowa ya shigar da sunayen littattafansa, in mai karatu ya nemi abin da ba ka da shi, ka duba inda yake ka nemi aro. Wani dattijo mai keke, Ɗanlarai, shi ke zagaya gari da kwalayen, na nesa kuma ya kai su tasha.

Tsarin ya yi wa Bintu rana. 'Yan matan unguwa masu shirin jarrabawar ungozoma suka samu manyan littattafan da a da sai dai su ji labarinsu. Yawancinsu daga laburaren wata kwaleji suke zuwa, inda Malam Zakka ke shugabanci.

Amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Kullum ita ce mai aro, ba wanda ya taɓa neman ko ƙasida a wurinta. To me za a nema? Abin da ta shigar 'yan littattafan Turanci ne da kowa ke da su. Abin ya yi ta cin ta, har ta fara sayen masa mai zafi tana ƙulle ta a leda da ɗan yaji, ta cusa a gefen kwalin da za a mayar.

"Anya kuwa, Hajiya?" in ji Ɗanlarai.

"Kai dai yi tuƙinka, Baba."

Ya yi tuƙinsa. Ranar da keken ya faɗa wani rami a hanya, leda ta fashe, mai ya bi babban littafin ungozoma ya ɓata shi tun daga bango. Kafin la'asar aka kira ta kwalejin.

Malam Zakka mutum ne da ke wanke hannu kafin ya taɓa littafi, sai ku ƙiyasta yadda ta same shi. Ya ɗaga shafi ɗaya saitin taga, maiƙo ya sa har ana hango rubutun bayansa.

"Malama, nan laburare ne ko gidan suna?"

"Yallaɓai, a yi haƙuri. Wallahi kunya ce ta sa. Kullum ku ba ni, ni kuwa in dawo muku da kwali ba ko na gode a ciki?"

"Mu littafinmu kawai muka ce ki dawo da shi." Ya rufe shi a hankali. "Na dakatar da ba ki aro sai kwamiti ya zauna."

"Yaran nan jarrabawarsu ta matso."

"Da kin tuna da su kafin ki sayi masa."

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Ta dawo Gwallaga, ta rasa bakin da za ta gaya wa 'yan matan cewa ita da hannunta ta toshe musu hanya.

Akwai wadda ta sunkuyar da kai a ofishin nan lokacin da ake faɗan: Dorcas, mataimakiyar Malam Zakka. Ita ke buɗe kwalaye, ita da abokan aikinta kuma ke cinye masar duk tsawon lokacin, ba wanda ya gaya wa Malam Zakka. Ranar Asabar ta wanko ƙafa ta zo ɗakin karatun Bintu ba da haƙuri. Tana shiga ta ga mata a kan tabarma a bayan kantar littattafai, kowacce ta duƙufa a kan ɗan ƙaramin littafi, ga buhuna biyu a buɗe kusa da su.

"Anti, waɗannan fa?"

"Tarkace ne. Wani mai sayar da littattafai a bakin kasuwa ya rasu, iyalansa suka ba mu. Labaran Hausa ne na da, da na yaƙi da jahilci."

"Ban gan su a kundi ba."

"Haba Dorcas! In jera su kusa da littattafan likitoci a yi mini dariya? Rabinsu ma ba bango."

Dorcas ta durƙusa ta zuba hannu a buhu. Ta ce ɗaliban Hausa na kwalejinsu har Kano suke zuwa neman irin waɗannan, wani lokaci su dawo hannu rabbana. Bintu ba ta yarda ba, ta ɗauka daɗin baki ne na wadda ta ci masa. Amma ba ta da wani aikin yi tunda an yanke mata aro, sai ta biye mata. Suka yi ta liƙa bango suna shigar da sunayen a kundi. Inda shafin farko ya ɓace, sai a karanta layi biyu da ƙarfi, wata daga kan tabarma ta faɗi sunan littafin da na marubucinsa, har da gardama.

Aka gama, kwanaki suka shuɗe ba labari. Kwamiti bai zauna ba. 'Yan matan suka koma karba-karba da wani tsohon littafin ungozoma guda. Bintu ta daina ma buɗe kwamfutar.

Wata safiya tana share ƙofar shago sai ga keken Ɗanlarai. Ta ɗauka sakamakon kwamiti ya kawo. Ya sauko da kwali ya dire, ta leƙa, ba komai a ciki.

"Hajiya, yau ban kawo komai ba. Ɗauka aka aiko ni."

"Ɗaukar me?"

"Littattafanki mana. Ɗakin karatun Azare na so, na Misau ma na so. Mafi yawa ma na Malam Zakka ne, ɗalibai sun hana shi sakat. Ya ce kuma in gaya miki bai iya aron kayan wadda ya hana aro ba, gobe in zo wa yaranki da nasu."

Bintu ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Baba, sake faɗa. Daga farko."

Ya sake faɗa, har da ƙari. Ta ajiye tsintsiyar, ta shiga ta kunna kwamfuta, ga sunan ɗakinta a layin masu bayarwa. Hawaye suka hana ta ganin sauran rubutun, sai ta kira ɗaya daga cikin 'yan matan ta karanto mata sunayen littattafan da ake nema, ita kuma tana ɗaukowa tana jerawa a kwali.